Takalma a Ƙofar Labbo

A shekarar 1998 akwai wani mai buga takardu da kwamfuta a Tudun Wada, Gusau, ana ce masa Labbo. Yana da saurin hannu, amma girman kai ya yi masa katutu. Ido rufe yake bugu don a taru a kalle shi, kuma ba mai shiga shagonsa sai ya tuɓe takalmi, wai kada ya kwaso wa kwamfuta cuta.

Duk bayan wata uku, Markus mai gyara yakan kawo masa faifan rigakafi kyauta daga kamfanin da ya sayar masa da ita. Ran nan ya zo hannu wofi.

"Malam Labbo, sun daina yi wa tsohon tsarin nan rigakafi. Bari in sa maka sabo, mako ɗaya ka iya shi."

"Ni zan koma ɗan koyo gaban mutane? Wanda bai shigo da takalmi ba, ta ina cuta za ta biyo shi?"

Markus ya yi bayani har ya gaji, ya tafi.

A lokacin, Malam Haruna, wani tsohon malamin makaranta daga Tsafe, ya kawo tarihin zuriyarsu da ya yi shekara goma sha tara yana tattarawa daga bakin tsofaffin da yanzu duk sun rasu. Labbo ya buge shi tsaf cikin kwamfuta. Takardun hannun kuwa, gwanin naku ya kwashe ya ba mai ƙosai, wai kwamfuta ba ta mantuwa.

Ana haka wata ma'aikaciya daga Bungudu ta kawo wasiƙa a faifanta. Ta tuɓe takalmi da ladabi, Labbo ya zura faifan. Ashe faifan na ɗauke da cuta; kafin la'asar komai ya goge.

Ranar Laraba Malam Haruna ya zo karɓa, ya tuɓe takalmi, ya zauna. Labbo ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce aikin ya goge.

"Mi kac ce? To ba komi, ba ni takarduna."

Labbo ya kalli mai ƙosai a tsallaken titi, ya sunkuyar da kai. Tsohon ya miƙa hannu waje, ya ɗauko takalmansa, ya sa su a tsakiyar shagon, ya fita.

Darasi: idan masu abu suka ce sun daina tsare maka shi, ka sauya tun da wuri. Wanda ya ƙi zama ɗan koyo na mako ɗaya, amanar mutane yake wasa da ita, kuma wata asarar ba ta da gyara.