Tabarau Da Inno Ta Jira

Akwai wani mai rumfar gem, wato wasan talabijin, a Kalgo, dab da inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa, sunansa Zayyanu. Talabijin biyu gare shi, na'urar wasa biyu, da dogon benci. Samari na zuwa su buga ƙwallo a talabijin, manya kuma su kawo cajin waya su zauna hira. Injiniya ake ce masa.

Ba laifi, ya san waya. Aibinsa ɗaya ne, ba a taɓa tambayarsa abu ya ce bai sani ba.

A wata shekara aka fara raɗe-raɗin cewa masu ƙera irin na'urarsa za su fito da wani tabarau. Ba irin na karatu ba. Wani ƙaton abu ne da ake ɗaurawa a kai ya rufe idanu ruf, wai sai mutum ya ga kansa a cikin wasan. Masu ƙera abin ba su yi bayani ba tukuna. Masu rubutu a intanet ne ke ta hasashe, Zayyanu kuma kullum ya karanta ya kawo wa 'yan benci.

Ran Litinin ya ce tabaran ba shi da igiya. Ran Laraba ya ce igiya ɗaya ce, amma doguwa. Ya ce akwai wasan tseren mota, in ka waiwaya za ka ga mai binka. Akwai na hawan dutse, in ka leƙa ƙasa jiri ya ɗebe ka. Akwai na wani gida mai duhu da ba a so mai hawan jini ya shiga. Wani ya tambaya ko akwai kokawa, ya ce ana kan haɗa ta. Wani ya ce to in an kayar da kai a ciki, za ka ji zafi? Ya ce tabaran zai girgiza maka kai, daidai ƙarfin faɗuwar.

Wani dattijo mai gyaran keke ya tambaye shi yadda za a rufe wa mutum ido sannan a ce ya gani. Zayyanu ya yi bayani mai tsawo. Da ya gama, dattijon ya ce da can ma ya fi ganewa. Ni kaina har yau ban gane ba.

Ana cikin haka wata rana, kafin saukar damina, wani makiyayi mai suna Hamidu ya tsaya cajin waya. Daga wata ruga yake kusa da Dalijan, can ƙasar Gwandu, ya zo Kalgo duba wasu tumaki. Ya zauna a bakin benci yana sauraro har Zayyanu ya kai inda yake cewa tabaran yana bin ƙwayar ido duk inda ta juya.

Nan Hamidu ya matso. Ya ce mahaifiyarsa, Inno, yanar ido ta rufe mata idanu biyu, yanzu haske da duhu kawai take bambancewa. An ba ta ranar zuwa asibiti a Birnin Kebbi a yi mata aiki, amma tana tsoron wuƙa ƙwarai.

"Injiniya, wanga tabarau naka, mai yanar ido in ya sa shi, yana gani?"

Abin da Zayyanu ya karanta bai wuce layi biyu ba. An ce ana zaton akwai 'yan kyamarori a ciki masu kallon ido, da wani maɓalli na matso da gilashin ko nisanta shi. Babu maganar yana, babu maganar ciwo. Amma mutum goma na kallon bakinsa.

Ya ce ƙwarai kuwa, ai don irin haka aka yi shi.

Hamidu ya ce ba zai iya riƙe bayanin duka ba, a sa masa a waya ya kai wa tsohuwa ta ji da kunnenta. Zayyanu ya gyara murya ya ɗauka. Ya gaishe ta, ya faɗi sunansa. Ya ce tabarau na nan tafe, yana gyara wa kowane ido hoto daidai ƙarfinsa, ko mai raunin gani zai ga abu tar. Ya ce kafin damina ta ƙare yana hannunsa.

Hamidu ya yi godiya ya tafi. Kafin la'asar Zayyanu ya manta da shi.

Inno ba ta manta ba. Kullum da hantsi sai ta sa a kunna mata saƙon, har ta haddace shi. Ranar asibiti ta zo, ta ce ba inda za ta. Me zai kai ta a sa mata wuƙa a ido alhali ga abin da za a ɗaura mata kawai ta gani?

Hamidu ɗan fari ne. A gidansu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, shi kuma ba ya musu da ita, ko ido ba sa haɗawa. Ballantana ma shi ya kawo saƙon da hannunsa.

Akwai wata ma'aikaciyar lafiya a Gwandu, Malama Amatullahi, mai zagaya rugage. Ita ta samo wa Inno ranar asibitin tun farko. Sau uku tana zuwa tana lallashi. Duk zuwa sai Inno ta sa a kunna mata saƙon, ta ce to ji, ga wanda ya san abin. Malama ta ce ita ba ta taɓa jin tabarau mai cire yana ba. Inno ta ce ai bai fito ba tukuna, ina za ta ji shi?

Damina ta sauka, ta ɗauke. Aka girbe gero, aka girbe dawa. Sai idon hagu na Inno ya fara ciwo, ya yi ja, har ciwon ya hau rabin kai.

A wannan makon wasu likitocin ido suka sauka a Gwandu. Za su yi aiki daga Litinin zuwa Alhamis, ran Juma'a su kwance bandeji su tafi. Malama ta rubuta sunan Inno. Inno ta ce mai tabarau ya yi mata alkawari, ba za ta ba shi kunya ba.

Ran Talata Malama ta karɓi lambar Zayyanu a wurin Hamidu ta kira shi. Ta tambaye shi kai tsaye, tabaran nan na magani ne ko na wasa? Rumfa cike take da mutane. Ya ce ya danganta da yadda aka kalli abin. Ta ce ita ba ta da lokacin danganta, tsohuwa na shirin rasa ido, kuma muryarsa kaɗai take yarda da ita. Ta ce ya aiko wani saƙon ya warware na farko.

Ya aika. Saƙon ya fi na farko tsawo. Ya ce an samu ɗan jinkiri daga masu ƙerawa, wasu majiyoyi na cewa kaza, wasu na cewa kaza, a wani ɓangaren zuwa asibiti ma ba laifi ba ne. Aka kunna wa Inno sau biyu. Ta ce to ai bai ce a'a ba, cewa ya yi a ƙara haƙuri.

Ran Laraba Zayyanu ya koma kan shafukan da yake karantawa, wannan karon a hankali. Kowane layi da "an ce" ya fara, ko "ana zato", ko "wani wanda bai so a faɗi sunansa ba". Hotunan da yake nuna wa mutane ashe zane ne, wasu suka zana yadda suke tsammani. Wani shafin ma ya ce watakila babu bin ƙwayar idon gaba ɗaya. Yana nan riƙe da waya sai kiran Hamidu ya shigo.

"Injiniya, ni kaina ya ɗaure. Malama ta ce wuƙa, kai ka ce tabarau, Inno ta ce kai. Ni mi zan yi?"

A bayan muryar Hamidu yana jin nishin tsohuwa, a hankali, ba ya yankewa. Zayyanu ya ce gobe yana tafe.

Da safe ya rufe rumfa, ya shiga mota ta Birnin Kebbi zuwa Gwandu, daga nan ya hau kabu-kabu. Rana ta ɗaga kafin ya isa rugar. Labari ya riga shi, mata da dattawa sun taru don ganin tabarau.

Inno na zaune a inuwa, ta ɗaure idon hagu da tsumma. Yana yin sallama ta ɗago kai.

"Mai tabarau ne. Sannu da hanya, ɗan nan. Ka zo da shi?"

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce bai zo da shi ba. Ta ce to yana Kalgo? Ya ce ba ya Kalgo. Birnin Kebbi fa? Ya ce babu shi ko'ina, ba a fito da shi ba.

"Amma kai ka taɓa sa shi a fuskarka."

"Ban taɓa ba, Inno."

"Ka dai riƙe shi."

"Ko ganinsa ban yi ba. A waya na karanta."

"To wanda ya rubuta maka, shi ya gani?"

Ya ce wancan ma ji ya yi. Ta ce wanda ya gaya wa wancan fa? Ya ce bai sani ba. Ta juya fuska wajen mutane ta tambaya, to wa ya gani? Wata mata ta ce a hankali, ita ta ɗauka a cikin jakarsa yake.

Zayyanu ya ce ko da ya fito, abin wasa ne na masu ido. Ba ya cire yana, ba ya maganin komai. Abin da ya faɗa a saƙon farko, rabinsa shi ya ƙara.

Inno ta tambaye shi me ya sa ya faɗa. Ya ce mutane ne ke kallonsa a rumfa, ya ji kunyar cewa bai sani ba.

"Ka ji kunyar mutum goma masu ido," in ji ta, "ba ka ji kunyar tsohuwa guda marar ido ba."

Bai ɗago kai ba. Can ta sake tambayarsa ko aikin da likitocin ke yi yana da zafi. Ya ce bai sani ba, Malama ce za ta sani. Ta ce to a gaya wa mai gidan nan ya kawo babur. Hamidu take nufi.

Sun isa Gwandu bayan azahar, likitoci na shirin rufe layi. Malama Amatullahi ta shiga ta roƙa, aka karɓi Inno ta ƙarshe. Likita ya duba idanun biyu. Ya ce na dama za a yi masa aiki yanzu. Na hagu kuwa, yanar ta nuna ta wuce kima har ta lalata jijiyar gani. Za a yi maganin ciwon, amma gani ya tafi. Da an zo kafin damina, da akwai fata.

Zayyanu na tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya jira Hamidu ya zage shi, ko ya ɗaga masa sanda. Hamidu bai yi ba. Ya wuce ta gabansa ya je ya zauna a gindin bishiya.

Zayyanu bai koma Kalgo ba ranar. Ran Juma'a aka kwance bandeji, idon dama ya buɗe. Ya bi su har ruga, yana riƙe da ledar magani.

Da la'asar shanu suka dawo daga kiwo. Inno ta ce a fito da ita. Ta tsaya a bakin garke ta kare ido da tafin hannu, tana kiran shanun ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ta ga maruƙa biyu da aka haifa ba ta taɓa gani ba, ta yi dariya. Ta ga wata saniya ta rame, ta fara faɗa, wai duk shekarun nan haka ake kiwo a gidan nan don an ga ba ta gani?

Zayyanu yana so ya yi mata sallama ya kama hanya. Ya zo ya tsaya kusa da ita, ta gefen hagu, yana jiran ta juyo. Ya daɗe a tsaye. Tana ta magana da shanunta.

Hamidu ne ya matso, karo na farko da ya yi masa magana tun asibiti.

"Zagayo ta dama, Injiniya. Ta nan ba ta ganin kowa."

Darasi: Abin da ka karanta a waya da "an ce" ya zo maka, kada ka cire "an ce" ɗin kafin ka miƙa wa wani. Kai a wurinka hira ce ta benci, wani kuwa da ita zai yanke shawarar lafiyarsa. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka nuna wanda ya sani. In ka riga ka faɗi kuskure, ka warware shi a ranar, da baki ɗaya, ba da kwana-kwana ba. Ku tura wa 'yan majalisarku, musamman wanda kullum yake da amsa.