Teburin da Aka Yi wa Ado a Baibai

Wa ya taɓa riƙe buroshi a cikinku ya shafa wa katako banish? In kun taɓa, kun san halinsa ba ɗaya ba ne da na fenti. Fenti mai rufin asiri ne, duk abin da ya tarar sai ya lulluɓe. Banish kuwa, man nan mai launin zuma da katako ke sha, ba ya ɓoye komai. Abin da ya tarar, shi zai fito da shi yana sheƙi. To, ku ji wannan misali.

Akwai wani mutum wanda ya gaji kayan falo daga mahaifinsa, kujeru masu hannun katako da wani babban tebur. Teburin ya sha duniya. An ci tuwo a kansa, an yi guga, an ɗora fitila, har samansa ya yi baƙi ƙirin. Ƙafafunsa kuwa duk faci ne, wannan an tallafe ta da guntun katakon akwatin sabulu, waccan ƙusoshi sun yi mata katutu.

Matarsa ta daɗe tana haƙuri. Amma da layi ya zo kanta na karɓar matan zumunta a gida, sai ta ce kujerun za ta rufe su da yadi, teburin nan kam ba zai ga baƙinta ba, gara a ba mai ƙosan bakin titi ta hura wuta. Maganar ta soki mutumin, gama a kan teburin nan mahaifinsa ya koya masa karatu. Ya roƙi ta bari ya gwada gyarawa. Ta yarda, bisa sharaɗin in bai gyaru ba, shi da kansa zai kama mata su fitar.

Ya tafi kasuwa ya sayo babban gwangwanin fenti shuɗi da ƙaramar kwalbar banish. Ya dubi tebur, ya dubi kayan aiki, ya yi lissafinsa mai kyau: babban wuri na babban gwangwani ne, ƙaramin wuri na ƙaramar kwalba. Sai ya malala wa saman fenti, ya bi ƙafafun da banish, yana ta rera waƙar yabo.

Da aikin ya bushe ya kira matar. Saman ya zama kamar ƙofar shago. Ƙafafun kuwa, kowace ƙusa tana walƙiya, har rubutun da ke jikin akwatin sabulun ya fito ana karantawa. Matar ta yi dariya har ta dafa bango.

Ta ce, “Baban Keziya, da ai sai an sunkuya ake ganin facin nan. Yanzu tun daga bakin ƙofa yake gaishe da mutum.”

Shi ma bai iya riƙe dariya ba, ko da yake zuciyarsa ta yi nauyi. Alkawari kaya ne. Ya kama gefe, ta kama gefe, suka nufi waje. Ƙofar kuwa matsattsiya ce, sai kusurwar teburin ta gogi bango, fenti da dattin da ke ƙarƙashinsa suka ɗaye tare.

Matar ce ta fara gani. Ta ce ya sauke. Ta ɗauko wuƙa ta ƙara kankarewa, sai ga katako ja kamar zoɓo, da zane a jikinsa kamar iska ta taɓa ruwa. Ashe maɗaci ne, mai kyaun gaske.

Mutumin ya ce, “To, Maman Keziya, alkawarin fa?”

Ta ce, “Mai ƙosai ta nemi wani icen. Kai dai je ka sayo samfefa, takardar nan ta goge katako.”

Ya tafi da sauri kamar yaro. Suka zauna a tsakar gida suna kankara suna gogewa, tana tsokanarsa da lissafinsa, har saman ya fito tas. Suka ba shi banish, suka rufe ƙafafun da sauran fentin, suka bi hannayen kujerun ma da banish. Ranar taro, wata daga cikin matan ta yi ta shafa teburin tana tambayar inda aka sayo shi. Ba wadda ta leƙa ƙasa.

Ma'anar wannan misali ita ce, teburin nan shi ne mutumin da Allah ya ajiye kusa da kai: matarka, mijinki, ƙaninka, dattijon da kuke zama benci ɗaya. Kowa yana da maɗacinsa, kowa kuma yana da facinsa. Buroshin kuwa harshenka ne. Sau da yawa aikin baibai muke yi. Ɗan'uwa ya shekara yana share majami'a, mun shafe wannan da shiru. Ya ɗaga murya sau ɗaya a taro, ya ba da haƙuri, amma har yau muna goge labarin yana ƙyalli.

Kada ku ji ni a karkace. Ƙafar da gara ke ci ba fenti take so ba, gyara take so, kuma mugunta ba a rufe ta. Amma faci ai shaidar an riga an gyara ne. Laifin da aka tuba aka bari, ƙauna ce ke rufe shi, kamar yadda Ubangiji ya rufe namu cikin Almasihu, ya kuma fito da kyan da mu kanmu ba mu san muna da shi ba.

Saboda haka ina roƙonku, kada ku bari sai wani mako. Yau, kafin ku kama hanyar gida, kowa ya nemi mutumin da ya daɗe yana ba da labarin kuskurensa, ya kama hannunsa, ya faɗa masa alherinsa guda ɗaya, a gaban mutane.