Sunan Ɗan Mai Biza

Babu abin da ya kai alkawari nauyi a wuyan mutum. Shi ya sa masu hankali ba sa yin sa a gaban shaidu.

Mudassir ya yi nasa a ƙofar masallacin unguwarsu a Zariya, gaban mutum goma sha ɗaya. Aikinsa rubuta manhajar kwamfuta, kuma ba ya ƙarƙashin kowa, wanda ya kawo aiki shi ne ubangidansa na wannan makon. Shekara biyu yana neman kamfanin waje da zai ɗauke shi ya kuma ɗauki nauyin bizarsa. Da ya gaji, sai ya ce duk wanda ya zama sanadin tafiyarsa, sunansa zai sa wa ɗan da matarsa Rumasa'u ke ɗauke da cikinsa. Ya ɗauka mutum ɗaya ne zai zama sanadin.

Matsalar farko kunya ce. Ganawa tara ya yi da Turawa ta kwamfuta, duk sanda suka tambaye shi ko ya iya abu kaza, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya ɗan taɓa. Su kuwa suka yarda da shi. Ilu maroƙi, maƙwabcinsa, shi ya ji labari ya zaunar da shi sati uku yana koya masa ɗaga kai da yabon kansa. "Malam Mudassir," in ji shi, "ni da na wasa mutanen da ba su iya komai ba har suka yi kuka, kai ne za ka gagare ni?" A ganawa ta goma wani kamfani a Jamus ya ɗauke shi. Har yau Ilu ya ɗauka gyaran waya yake yi.

Sai kamfanin ya nemi takarda daga inda ya taɓa aiki. Mudassir bai taɓa aiki a inda ake da hatimi ba. Alhaji Ɗanjuma mai sayar da taya, wanda Mudassir ya taɓa rubuta wa manhajar ƙirga kaya, shi ya sa hannu ya buga hatimin shago. Da Baturiyar kamfanin ta kira shi, ta bakin tafinta ya shaida mata yaron yana gaishe da manya kuma ba ya wasa da salla. Ta tambaya ko manhajar ta taɓa ba shi matsala. Ya ce ko sau ɗaya. Gaskiya ya faɗa, don bai taɓa buɗe ta ba.

A ofishin jakadanci aka ce ba za a ba da biza ba sai an san ko mutum nawa ne. Fasfo ya ce Mudassir Lawal. Takardar firamare ta ce Mudassir Giwa, sunan garinsu, domin a lokacin ba ya iya faɗin sunan mahaifinsa. Ranar haihuwa ma biyu ce. Malam Tanimu, tsohon hedimasta, ya tono rajistar makaranta daga ƙasan gadonsa, ya hau mota da ciwon gwiwa ya je kotu ya rantse cewa duk yaro ɗaya ne. Sai dai a tuna, shi ne da hannunsa ya rubuta wa ajin gaba ɗaya ranar haihuwa ɗaya ga Janairu.

Biza ta fito ranar Litinin, Rumasa'u ta haifi namiji ranar Asabar. A takardar kamfanin an ce idan ya isa Jamus daga gida zai riƙa yin aikin. Mudassir bai gane wannan ba, amma ya ajiye shi sai bayan suna.

Yanzu rago na ɗaure, liman na jiran a faɗa masa abin da zai raɗa. Ilu ya ce ba don shi ba da yanzu ana nan ana ɗan taɓawa. Alhaji ya aiko da buhun shinkafa, wanda ya fi magana nauyi. Malam Tanimu ya ɗinka sabuwar riga. Shaidu goma sha ɗaya duk suna raye. Ita Rumasa'u ta ce a sa wanda aka ga dama, ɗan fari ne, ba faɗin sunan za ta yi ba, kuma tuni mutanen gida suna kiransa Bajamushe.

To, ku da kuke zaune, sunan wa za a raɗa masa?