Kwanon da Aka Tsallake a Cocin Harlow

A garinmu Harlow, cikin tsaunukan Tennessee, an yi wani mutum mai suna Vernon Tackett, mai shagon abincin dabbobi. Ba shi da rowa, ba ya shan giya. Cutarsa ɗaya ce: son a ce shi ne ya fi kowa kishin addini. Ko addu'a zai yi a coci, sai ya buɗe ido ɗaya ya ga wa ke kallonsa.

Da aka zaɓe shi cikin kwamitin makarantun gwamnati, sai ya kafe lallai a koyar da labarin halitta na Littafin Farawa a ajin kimiyya. Mai wannan aji kuwa Malama Loretta Mayhew ce, dattijuwa marar miji, wadda ita ta koyar da rabin garin, kuma cocinmu ɗaya da ita.

Wata rana a shagonsa ta ce masa, "Ɗan'uwa Vernon, ranar Lahadi ni ke koya wa yara Farawa, ka sani. Ranar Litinin kuma kimiyya aka ɗauke ni in koyar. Doka ma ba ta yarda a haɗa ba."

Ya ce, "Wato kakanki biri ne ke nan, kamar yadda kimiyyarku ta ce? Ai kuwa na ga kama."

Shagon ya ɗauki dariya. Ita dai ta ɗauki buhun tsabar kajinta ta fita.

Muna da al'ada: Lahadin farko a wata, bayan sujada, kowace mace takan kawo girkinta a jera a dogon teburi, a ci tare. Mutuncin mace shi ne kwanonta ya koma gida wayam. Vernon ya san haka sarai. Ya bi magidanta ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Wanda ya ci abincin matar nan, ya ci da maƙiyan Allah."

Ran nan Loretta ta kawo gasasshen dankalinta mai cuku, wanda a da har rububinsa ake yi. Layi ya taho, kowa ya ɗebi na hagu, ya ɗebi na dama, ya tsallake nata. Wata yarinya ta miƙa cokali, uwarta ta buge mata hannu. Loretta tana tsaye tana murmushi har cukun ya sandare. Ni ke wanke-wanke a bayan coci, na ga shigowarta ta juye shi duka a kwandon shara. Ban taɓa ganin wulaƙanci mai tsabta irin wannan ba, babu zagi, babu ɗaga murya.

Wata uku ana yi mata haka. Ta ajiye aiki, ta sayar da gidan da aka haife ta a ciki, ta koma wajen ƙanwarta a Ohio. Babu wanda ya raka ta. Vernon ya samu abin da yake so, aka shigar da darasinsa, hotonsa ya fito a jaridar gari yana rungume da Littafi Mai Tsarki.

Ba a jima ba wasu iyaye suka kai ƙara, alƙali ya soke darasin. Shari'ar ta cinye asusun makaranta, dole aka rushe ƙungiyar ƙwallon yaranmu. Mutanen Harlow za su iya haƙura da komai, ban da a ce ranar Juma'a babu wasan ƙwallo. Waɗanda suka yi wa Vernon tafi jiya su ne suka fara cewa, "Dama mutumin nan neman suna yake."

Lahadin farko ta zagayo. Matar Vernon mai suna Wanda, baiwar Allah da ba ta taɓa sa baki a rigimar ba, ta kwana tana jiƙa kaji, ta soya su da safe. Layi ya taho. Kowa ya ɗebi na hagu, ya ɗebi na dama. Babu wanda ya shirya wannan da kowa, hannuwa ne kawai suka riga suka saba.

Vernon ya tsaya bakin teburin yana yaƙe. "Ɗan'uwa Clyde, ga kaza fa. Ɗan'uwa Otis, ɗauki cinya mana."

Clyde ya ce, "Likita ya hana ni maiƙo." Farantinsa kuwa cike da naman alade.

Da aka watse, Wanda ta ɗauko kwanon a cike, ta dire shi gaban mijinta. Ta ce, "Kai ka koya musu, Vernon. Zauna ka cinye." Ta zaro makullin mota daga aljihunsa ta fita, kuma ba ta sake zama a gidansa ba. Na bar shi shi kaɗai a zauren, kajin sun huce a gabansa, na kashe fitilun baya.

Darasi: a yi muhawara kan abin da za a koya wa yara, wannan ba laifi ba ne. Amma wanda ya ɗauki addini ya mai da shi abin neman suna, har ya koya wa jama'a wulaƙanta maƙwabci, ya sani jama'a ba sa manta abin da aka koya musu. Ranar da suka gaji da shi, a kan iyalinsa za su fara gwadawa.