Sakatar Hagu a Gangaren Kitonga

An yi wani mutum, direban tirela ne a hanyar Darussalam ta ƙasar Tanzaniya zuwa Zambiya. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, kuma 'ya'yansa suna salla a cikinmu.

Ya 'yan uwa, ban taɓa ganin direba irinsa ba. Yakan shigar da tirela da baya cikin lungun da ƙaramar mota ke shakkar shiga. Daga jin kukan inji yake faɗa maka abin da ke damunsa. Shekara goma sha tara yana kan hanya, bai taɓa take ko kaza ba.

Amma abin da aka fi saninsa da shi, shi ne kula da faranti. Faranti shi ne ƙarfen nan mai faɗi da ke bayan kan mota, inda tirela ke ɗora wuyanta. Nasa irin mai tafiya ne. Yana zaune a kan dogayen ƙarafa biyu masu haƙora, ana matsar da shi gaba ko baya don a raba nauyin kaya, sannan sakata biyu su shige cikin haƙoran su riƙe shi, ɗaya dama, ɗaya hagu.

Duk tafiyar da zai yi, sai ya kwance tirela ya durƙusa. Ya kankare tsohon giris da ya sha yashi har ƙarfe ya fito fes. Ya bi haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya da burushi. Ya ɗiga wa sakatun mai, ya buɗe, ya rufe, ya saurari ƙararsu. Sai ya shafa sabon giris da tafin hannunsa. In ya haɗa tirela, sai ya danne mata birki, ya ɗan ja mota gaba, ya ji ta riƙe, sannan ya ce bismillah.

Direbobi kan tsokane shi su ce, "Kai, ko amarya ba a yi mata shafa haka!" Sai ya yi dariya ya ce, "Wannan amaryar tan talatin take ɗauka a ka."

Wanda ya koya masa wannan aiki wani tsohon makanike ne, Mzee Kombo Mwinyimvua, mai gareji a Makambako, kusa da inda ake auna nauyin motoci. Shi ya fara ɗora hannunsa a kan sitiyari.

To, Allah ya yi masa buɗi. Ya sayi motar kansa. Masu kaya suka riƙa jiran layinsa. Duk rumfar shayin da ya shiga, sai a tashi a ba shi kujera. Ya 'yan uwa, akwai laifi a cikin wannan? Babu. Laifin ya shigo ne ranar da ya fara jin cewa tsare shi da ake yi shekara goma sha tara, hannunsa ne ya yi, ba Ubangijinsa ba.

Daga nan durƙuso ya fara yi masa nauyi. Ya koma sa farar riga. Sai ya lafta sabon giris a kan tsoho ya wuce. Haƙora suka cika da laka, sakatu suka fara tsatsa. Wata shida bai leƙa ƙarƙashin farantin ba.

Wata safiya ya iso Makambako daga Zambiya, ya ɗauko jan ƙarfe. Aka auna, aka ce nauyi ya taru a wuri ɗaya. Ya fito gefen hanya, ya matsar da farantin, ya rufe, ya koma aka auna, ya yi daidai. Ya zauna cin ugali, wato tuwon masara, da kifi tare da abokansa.

Mzee Kombo yana wucewa, ya duƙa ya leƙa, kamar yadda ya saba yi wa kowace mota. Ya zo ya tsaya a kan direban ya ce a hankali, "Ɗana, sakatar hagu ba ta shige ba. Rabi kawai ta kama. Kawo ta garejina, kafin ka sha shayi na gama."

Da su biyu ne, wataƙila da ya tashi. Amma akwai mutane. Wani ya kwashe da dariya ya ce, "Yau ga sarkin faranti ana koya masa faranti!"

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Mzee, idonka ya tsufa. Je ka nemi tabarau."

"To, sauko ka gani da naka idon."

"Wallahi na duba ta da hannuna."

Bai duba ba. Ya san bai duba ba. Ya saka sunan Allah a tsakaninsa da gaskiya don kada a yi masa dariya. Tsohon ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Allah ya kai ka lafiya." Ya juya.

Ya wuce garin Iringa da azahar. A hanya zuciyarsa ta ce masa ya tsaya, sau biyu, amma motar ɗaya daga cikin masu dariyar tana biye da shi. Yaya za a gan shi a durƙushe?

Ya shiga gangaren Kitonga, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen. A wata kwana ya tarar da motar fasinja ta tsaya, cike da mata da yara. Ya taka birki. Sakatar dama ita kaɗai ta ɗauki tan talatin, ta karye. Faranti ya zame, tirela ta rugo gaba ta daki bayan kan motar.

Ku ji abin da ya yi. A cikin ƙiftawar ido, ƙarfe na murƙushe shi, ya karya sitiyari ya nufi dutse, ya ba dutsen gefen da yake zaune. Ko fentin motar fasinjan bai taɓa ba. Mutum sittin suka sauko da ƙafafunsu. Waɗanda suka gani sun ce babu wani direba a hanyar nan da zai iya haka.

Sai da aka yanka ƙarfe aka fito da shi. Motarsa ta tafi. Ƙafafunsa biyu suka tafi. Da ya farfaɗo a asibiti, Mzee Kombo na zaune a gefen gadon. Ya kama hannun tsohon yana kuka, ya ce, "Baba, ban duba ba." Tsohon ya ce, "Na sani. Yi shiru, ka nemi gafarar wanda ka rantse da shi."

Ya 'yan uwa, wannan mutum ba jahili ba ne, ba rago ba ne, ba mugu ba ne. Ya fi yawancinmu iya aiki, ya fi mu zuciya. Girman kai ne ya hana shi sunkuyawa na minti ɗaya, rantsuwar ƙarya ta rufe masa hanyar komawa. In irinsa zai faɗi, ni da kai fa? Wa ya faɗa maka gaskiya a makon nan ka ƙi, don kawai a gaban mutane ya faɗa?

Allah ya karɓi tubansa, ya saka masa da rayukan da ya tsare. Allah ya kiyaye mu daga girman kai, ya ba mu kunnen jin gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Amin.