Tukunyar Aro a Cikin Kwamfuta

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari mai jami'a, shekarun baya. Ku saurara, 'yan uwana mata. Ni ban yi boko ba, yadda na riƙe zan faɗa muku.

Aikinsa kwamfuta, a jami'ar. Akwai wata tsohuwar manhaja mai lissafin ruwan sama, mai wuyar sha'ani, shi kuma ya rubuta 'yar gada da ta haɗa ta da wani yaren kwamfuta mai sauƙi, wanda ɗalibai suka iya. Shekara uku ana bi ta kan gadar nan, ba mai tuna wanda ya gina ta.

Sai lissafin wata ɗaliba, Saratu, mai bi ta kan gadar tana bincike kan lokacin shuka gero, ya riƙa sauyawa. Yau wata lamba, gobe wata, jibi kwamfutar ta tsaya cik. Malaminta ya ce ƙirƙirar lambobin take yi, za a kore ta.

Ba wanda ya zargi gadar. Ba wanda ya zarge ta, wallahi. Amma bawan Allahn nan ya zauna yana bin rubutunta layi-layi har sati biyar, tuwo yana hucewa a gefensa.

Ran nan matarsa ta ce, "Malam, wai me ya ɓace maka a akwatin nan?"

Ya yi dariya. "Uwani, in mata biyu suka ari babbar tukunyarki ranar biki, ya kike yi?"

"Layi biyu nake zanawa a bango da gawayi. Wadda ta gama in goge nata."

"To haka kwamfuta take yi da ma'ajiyarta. Yau na gano ni ne na sa take goge layi biyu don mutum ɗaya. Sai ta ɗauka an gama, ta miƙa wa wani tukunyar, alhali miyar Saratu na ciki."

"To ka gyara ka yi shiru mana! Ga shi ana maganar ba ka shugabancin sashe."

"In na yi shiru kwamfuta za ta warke. Yarinyar mutane kuma ta tafi da sunan maƙaryaciya."

Da safe ya rubuta wa kowa da kowa cewa kuskuren nasa ne, ba na Saratu ba, har da lambar layin da kuskuren yake, har da sunansa a ƙasa. Shugabancin aka ba wani. Saratu ta gama karatunta.

Matar da ta ce a yi shiru ni ce. Bana Malam ya rasu. Saratu ta zo ta'aziyya da 'ya'yanta uku, ta durƙusa gabana tana kuka, na kasa kallon idonta.

Ku ji ni da kyau. Gyara kuskure a ɓoye bai isa ba in laifin ya riga ya hau kan wani. Wata a cikinmu ta san ana zargin 'yar aiki, ko maƙwabciya, da abin da hannunta ya yi. Ki je ki faɗa yau, tun bakinki na motsi. Allah ya jiƙan Malam.