Mutumin da ya toshe akurkin kajinsa

A wani ƙauye da ke kan tsauni, inda sanyi kan yi tsanani har ruwan da aka bari a waje ya wayi gari da ƙanƙara, akwai wani magidanci mai kaji goma sha biyu da zakara ɗaya. Katanga ce kawai ta raba gidansa da na wata tsohuwa gwauruwa, ita ma da 'yan kajinta.

Da sanyi ya kankama, sai ƙwai ya fara raguwa a akurkin mutumin. Da yakan kwashi takwas, ya koma uku, ya koma ɗaya. Bai tambayi kowa dalili ba. Ya tsaya yana duban wata 'yar kafa da ke saman akurkin, ta wajen katangar tsohuwar, ya ce a ransa, "Dogon ludayi zai shiga nan, da shi take kwashe mini ƙwai." Tun daga ranar, in ta gaishe shi da fara'a sai ya ce kunya take rufewa. In ta wuce shiru kuma, ya ce ta tsargu.

Sai ya kwaɓa laka, ya hau toshe kafar. Tsohuwar ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ɗana, kada ka toshe wannan. Kaza tana jure sanyi, amma ba ta jure rashin iska. Zuba musu ƙaiƙayi a ƙasa, ka riƙa ba su ruwa mai ɗumi. Ƙwai kuwa, nawa ma sun daina, sai sanyi ya sauka."

Ya ce, "Na gode, Inna." Amma a zuciyarsa cewa ya yi, "Me ya dame ta da kafar nan in ba ta nan take bi ba?" Ya ƙara laka, ya cusa tsumma a kowane tsagi na ƙofa. Da yamma ya sa musu kaskon garwashi don su ji ɗumi, ya ja ƙofa ya ɗaure.

Gari ya waye, zakara bai yi cara ba. Da ya buɗe, hayaƙi ya buge shi, bango yana ta naso. Kaji tara da zakaran sun mutu, uku na kwance suna haki. Ya zauna a ƙasa. Tsohuwar ce ta zagayo da fartanya, ta fasa lakar, ta kwashi ukun a zanenta ta kai su rana.

Ma'anar wannan misali ita ce, akurkin zuciyar mutum ne, sanyin kuwa kwanakin wahala ne da kan zo wa kowa. A irin kwanakin nan Shaiɗan yakan raɗa mana cewa wani ne ya jawo mana, yawanci ma wanda ya fi kusa da mu. Kafar nan ita ce hanyar da Ubangiji ya bari domin shawara da ta'aziyyar 'yan'uwa su iso gare mu. Mai zargi yakan toshe ta, yana tsammani tsare kansa yake yi. Ku lura, babu kazar da sanyi ya kashe, ba kuwa wadda ɓarawo ya ɗauka. Mai su ne ya kashe su da hannunsa.

'Yan'uwa, in akwai wanda kuka daina amsa gaisuwarsa saboda abin da ba ku gani da idonku ba, ku je wurinsa yau, tun da sauran masu numfashi a akurkin.